Tambaya da Amsa: 'Yar'uwar kazar dutse da ke kurmin Uganda

Tambaya: Baba, barka da ƙoƙari. Ni ɗalibi ne daga Dass. Na ga hoton wata tsuntsuwa a waya, an ce a kurmin Uganda take kuma ta kusa ƙarewa. Ni dai a idona kazar dutse ce, irin wadda ke mana kuka da asuba a duwatsun Mbula. Ita ce ko ba ita ba? In kuma da gaske ƙarewa take, me ya hana a kama a kiwata yadda muke kiwon zabi?

Amsa: Ɗana, idonka bai yaudare ka ba, sai dai ba ita ba ce, 'yar'uwarta ce ta jini. Masana suna kiran waccan da sunan Nahan, wani hafsan sojan Beljiyam da ya yi aiki a Kwango, kuma a 1905 aka fara rubuta bayaninta. Kusan shekara ɗari ana lissafa ta cikin dangin fakara. Da aka zo binciken ƙwayoyin halitta sai aka ga duk duniya ba ta da dangi na kusa kamar kazar dutsenmu. Abin da ya fi ba ni mamaki, su biyun sun fi kusa da wasu tsuntsayen nahiyar Amurka fiye da fakarar da ke tashi a gonarka.

Tamu ta duwatsu ba ta cikin matsala. Daga Senegal har Habasha akwai ta, duk inda dutse da ciyawa suka haɗu za ka ji ta, ga wutsiya a ɗage tana ta rawar kai. Waccan kuwa duniyarta ƙarama ce: arewa maso gabashin Kwango, wajen kurmin Ituri, sai wasu 'yan kurame a Uganda, musamman Budongo da Bugoma da Mabira. Tsawonta bai wuce santimita 25 ko kusa da haka ba. Jikinta duhu ne da ɗigo-ɗigon fari a ciki, ga jan fata kewaye da ido. A ƙasa take yini cikin inuwa, biyu-biyu ko ɗan ƙaramin garke, kuma ganinta na da wuya ƙwarai. Masu bincike sukan kunna kukanta da aka naɗa, in ta amsa su rubuta. Ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sa ta a jerin halittun da ke fuskantar barazanar ƙarewa.

Yanzu ga batun kiwo, wanda shi ne ainihin tambayarka. Ka san gindin tsohon rimi, yadda saiwoyinsa ke fitowa faffaɗa su bar lungu-lungu a tsakani? To, a irin wannan lungun na manyan itatuwan kurmi take yin sheƙa ta saka ƙwai. Su kuma waɗannan itatuwan su ne mai yankan katako yake fara sa wa alama, don su ne masu kuɗi. A sare manyan a bar ƙanana, daga nesa ka ga daji kore shar, amma uwar ba ta da wurin kwanci. Ka ƙyanƙyashe dubu a keji, ina za ka sake su? Zabo ya zauna da mu ne don cimarsa da wurin kwanansa duk muna da su a ƙofar gida. Ita kuwa abin da take bukata sai an yi shekaru masu yawa kafin ya girma. A ganina kuɗin da za a kashe wa keji gara a biya malaman daji albashi, a saya musu babur da mai.

Tarko da kwasar ƙwai suna cikin abin da ke rage ta, ban musa ba. Amma babban abin shi ne share kurmi, kamar yadda ake yi don noman rake. A 2007 gwamnatin Uganda ta yi niyyar ba wa wani kamfanin sukari kimanin hekta 7,100 na Mabira, wajen kashi ɗaya cikin huɗu na kurmin. Mutane suka fito zanga-zanga a Kampala a watan Afrilu, har aka rasa rayuka, aka jingine maganar. Bugoma bai yi irin wannan sa'ar ba. An ba da hayar wani ɓangarensa don noman rake, kuma a 2020 aka shiga share shi duk da ƙarar da masu kare muhalli suka kai kotu. Maharbi kan ɗauki ɗaya ya bar saura su hayayyafa. Katafila kuwa in ta bi wuri, ba uwa ba ƙwai.

Kada ka ce wannan labarin mutanen nesa ne. Ka bi hanyar Bauchi zuwa Jos ka ƙirga buhunan gawayin da aka jera a bakin titi, sannan ka tambayi dattawan Toro ko Ningi yadda dajin Lame-Burra yake a zamanin ƙuruciyarsu. Ba na zagin mai gawayi, na san abin da iskar gas da kananzir suka koma, kuma ni ma a gidana ana hura shi. Kazar dutse ta tsira ne don ba wanda ke noma kan falalen dutse, amma inda aka kafa injin fasa dutse, ko ake cinna wa ciyawar tudu wuta kowace rani don farautar ɓera, ita ma takan yi ƙaura.

Tunda kana da ido, ga aiki. Cibiyar nazarin tsuntsaye ta APLORI da ke kusa da Jos tana jagorantar aikin taswirar tsuntsayen Najeriya, kuma 'yan sa-kai ne ke tattara yawancin bayanan da wayoyinsu. Ka nemi ɗan littafi, ka riƙa rubuta rana da wuri da lokacin da ka ji kukanta a Mbula, da adadin da ka gani. Ka fita bayan sallar asuba ko dab da magariba, lokacin ne suke amsa wa juna. Ka kuma bar danƙonka a gida.