Kafin Ka Biya Kuɗin Makaranta: Amsoshin Wasiƙunku Kan Kwas da Digiri

Wasiƙun wannan makon kusan duk a kan karatun gaba da sakandare suke, kamar kun haɗa baki. Na zaɓi shida. Ɗaya daga ciki ta ɓata mini rai, za ku gane ta in mun iso wurin.

"Malam, wane kwas ne ya fi kawo kuɗi? Shi nake so in cike." (Wani matashi)

Ɗana, layi ɗaya ka aiko mini. Ba ka faɗi darasin da ka fi ganewa ba, ba ka faɗi sakamakonka ba, ba ka ma ce ga abin da kake sha'awa ba. Da akwai kwas ɗin da kowa ya shiga sai ya yi arziki, da ni ma ba na zaune ina amsa wasiƙu. Kwas ɗin da ake rububi yau, kafin ka gama shekara huɗu an yaye dubbai a kansa, kowa da kwalinsa a hannu. Je ka nemo jerin darussan kwas uku da suka kwanta maka, daga shekarar farko zuwa ta ƙarshe, ka karanta su ɗaya bayan ɗaya. Wanda ka ga za ka iya kwana a kan littattafansa ba tare da an tsaya maka a ka ba, shi za ka rubuto mini a kai. Sai mu yi magana.

"Malam, shekara biyu ina neman likitanci ban samu ba. Bana an ba ni ilimin ƙananan halittu. Babana ya ce in karɓa, daga baya na sauya. Kullum sai na yi kuka." (Wata ɗaliba)

'Yata, share hawayenki. Likitanci kusan a ko'ina a duniya masu nema sun ninka gurabe, kuma da yawa daga waɗanda aka bari a baya ba su rasa ƙwaƙwalwa ba, wuri ne ya yi kaɗan. Rashin gurbi ba shaida ba ce a kan kaifin basirarki.

Amma maganar "na sauya daga baya" ita nake so ku sake dubawa ke da Baba. Kada ki shiga kwas da niyyar fita daga cikinsa sai kin ga ƙa'idar sauyin a rubuce: maki nawa ake buƙata, mutum nawa ake ɗauka, a wace shekara. Na ga ɗalibai da dama da suka shiga da wannan niyya, suka yi shekarar farko rabin zuciya a waje, sauyin bai samu ba, makin kuma ya lalace. An yi gudun gara an faɗa gidan zago.

Ki kuma san bambanci ɗaya da ba a cika gaya wa ɗalibai ba. Akwai kwasa-kwasan da ke ƙarewa da lasisin aiki: jinya, ungozoma, harhaɗa magunguna, gashin ƙashi, ɗaukar hoton cikin jiki, gwaje-gwajen asibiti. Akwai kuma na zallar kimiyya, irin wanda aka ba ki, waɗanda ke kai mutum bincike, koyarwa, masana'antar abinci da magunguna, amma ba su ba shi izinin duba majiyyaci. Idan abin da ke ranki shi ne ki tsaya kusa da gadon mara lafiya, jinya ta fi kusa da burinki, ko da sunanta bai kai na likita ƙara ba a kunnen dangi. Idan kuwa cutar kanta ce ke ba ki sha'awa, yadda take shiga da yadda ake kashe ta, to abin da ke hannunki ba abin rainawa ba ne. A Amurka ma ba a shiga likitanci kai tsaye daga sakandare, sai mutum ya gama digiri na farko sannan ya yi wasu shekaru huɗu a makarantar likitanci, kuma Birtaniya na da tsarin shekara huɗu ga masu digiri. Ƙofar ba guda ɗaya ba ce. Zauna da Baba, ki nuna masa wannan.

"Malam, shekara goma sha biyu ina aiki da difloma, yaran da na koya wa aiki sun wuce ni. Wani ya ce zai haɗa ni da wata jami'a a ƙetare, wata shida a ba ni digiri, ba sai na je ba, za a lissafa mini ƙwarewata. Ya nuna mini kwalin wasu. Har na ba da kafin alƙalami. In cika sauran?" (Wani magidanci)

Kada ka cika, ɗan'uwa. Abin da ka bayar ka ɗauka kuɗin darasi ne, ka gode Allah da bai fi haka ba.

Na fahimci zafin da kake ji. Babu daɗi yaron da ka nuna wa inda ake sa hannu ya dawo shi ke sa hannu a takardar hutunka. Wannan zafin kuwa shi ne jarin mutanen nan. Ba sa neman wawaye, masu hankali suke nema waɗanda suka gaji. Digiri na farko ba ya yiwuwa a wata shida a ko'ina. A tsarin Turai, shekarar karatu ɗaya maki 60 ce, digirin kuma 180 zuwa 240, kowane maki ɗaya na nufin awa 25 zuwa 30 na aiki. Yi lissafin da kanka: mafi ƙaranci awa dubu huɗu da ɗari biyar. Gaskiya ne wasu jami'o'in ƙwarai suna duba difloma ko ƙwarewar aiki su rage wa mutum wasu darussa, su sa shi a aji biyu ko uku. Ragi suke yi, bayan sun tantance. Ba sa yafe karatun dungurungum.

Wannan sana'a tsohuwa ce, kuma ba ta da ƙasa. A 2004 ofishin babban lauyan jihar Pennsylvania a Amurka ya nema wa wata kyanwa digiri daga wata "jami'a" ta intanet. Kyanwa, mai ƙafa huɗu. Aka duba "ƙwarewarta" aka ba ta digiri na biyu a harkar kasuwanci, har da takardar sakamako mai kyawun maki. A 2015 jaridar New York Times ta bankaɗo wani kamfani a Karachi ta ƙasar Pakistan, Axact, da ke da shafuka aƙalla 370 na makarantu da jami'o'in da babu su, da hotunan gine-gine da na farfesoshin da ba su taɓa koyar da kowa ba. A ƙarshen 2023 ɗan jarida Umar Audu ya wallafa yadda ya samo digirin shekara huɗu daga wata makaranta a Kwatano ta ƙasar Benin cikin kimanin mako shida, bai shiga aji ba, bai zauna jarrabawa ba. Kwanaki kaɗan bayan haka, a farkon Janairun 2024, gwamnatin Najeriya ta dakatar da tantance takardun digiri daga Benin da Togo. Ka lura da wanda abin ya fi shafa: har da ɗaliban da suka yi karatunsu tsakani da Allah a can, su ma guguwar ta kwashe su.

Ka ce ya nuna maka kwalin wasu. Kwali ai shi ne mafi sauƙin abin bugawa. An taɓa kawo mini irinsa in gani, takarda mai kauri, tambari ruwan zinariya, sa hannu har uku, ta fi tawa ta gaske kyau nesa ba kusa ba. Na ce wa mai ita ya faɗa mini sunan malami ɗaya da ya koyar da shi. Ya yi shiru. Na ce to a kan me ya rubuta kundin kammalawa. Ya duba bayan takardar, kamar a can aka rubuta amsar. Waɗannan tambayoyi biyun su ne za a yi maka ranar tantance ma'aikata, kuma a ranar ba ƙarin girma kaɗai za ka rasa ba. Shekara goma sha biyun da ka tara da guminka za su bi ruwa, wataƙila da fansho, wataƙila har da zuwa kotu. Ramin ƙarya ƙurarre ne.

Abin da ke ba ni haushi shi ne mutumin da zai sayi wayar hannu sai ya juya ta, ya buɗe, ya gwada caji, ya kira wanda ya sani. Shi ɗin dai zai miƙa tanadin shekaru ga makarantar da bai bincika ba ko na minti goma. Alhali binciken ba wuya. Kowace ƙasa tana da hukumar da ke riƙe da sunayen jami'o'in da ta amince da su. A Najeriya NUC ce, tana kuma fitar da jerin haramtattu. A Indiya UGC na yin haka. Ƙasashen Afirka masu Faransanci suna da ma'aikatun ilimi mai zurfi, ga kuma CAMES, majalisarsu ta haɗin gwiwa kan ilimi mai zurfi, da aka kafa a 1968. A Ingila akwai rajistar hukuma. A Amurka ƙungiyoyi ne ke tantancewa, don haka sai ka duba ko ita ƙungiyar da makarantar ke taƙama da ita Ma'aikatar Ilimi ko CHEA, majalisar da ke sa ido kan masu tantancewar, ta san da ita, domin 'yan damfara kan ƙirƙiri jami'a sannan su ƙirƙiri hukumar da za ta tantance ta. Ka shiga shafin hukumar da hannunka. Kada ka bi adireshin da dillali ya turo maka.

Ko an samu sunan makarantar, da sauran aiki. Amincewa da jami'a daban, amincewa da kwas daban. Jami'a na iya zama halastacciya amma ta buɗe sashen shari'a ko injiniya ko jinya ba tare da izinin hukumar wannan sana'a ba, ɗalibi ya gama a ce ba za a ba shi lasisi ba. Haka nan wani "reshe" ko "cibiyar karatu" a saman bene na iya ɗaukar sunan jami'ar da ba ta san da zamansa ba. Rubuta wa magatakardar uwar jami'ar ka tambaya. Abu na ƙarshe, kuma shi ne aka fi mantawa: tambayi inda za ka kai takardar, wato wurin aikinka ko hukumar da ke tantance takardun waje a ƙasarka, ko za su karɓa. Kafin biya ake wannan tambayar.

Kuɗin makaranta kuma ba ya shiga asusun wani mutum. Duk wanda ya ce ka tura a sunansa, ko ya ce gurbin zai rufe gobe, ka san inda aka dosa.

Kai kuma hanyarka a buɗe take. Da diflomarka nemi shiga aji biyu, a karatun ƙarshen mako ko na nesa. Shekara uku za su wuce ko ka yi ko ba ka yi ba.

"To Malam, karatu daga nesa fa? Mijina ya ce duk digirin intanet na bogi ne." (Wata uwar 'ya'ya uku)

Hajiya, a gaishe da maigida, amma a nan ya yi kuɗin goro. Jami'ar Landan ta fara ba waɗanda ba sa zaune a harabarta damar yin digiri tun 1858. Buɗaɗɗiyar jami'ar Birtaniya an kafa ta a 1969, ta Indiya a 1985. Nelson Mandela yana tsare ya kammala digirinsa na shari'a ta jami'ar karatun nesa ta Afirka ta Kudu, UNISA. Abin dubawa shi ne wanda na faɗa wa mai wasiƙar sama, sai kuma ki tabbatar ana jarrabawa ta gaske da sa ido.

Gargaɗina a wani wurin yake. Masu fara karatun nesa da yawa ba sa gamawa, don babu mai kiran suna, babu abokin da zai ce yau ba mu gan ki ba. Da yara uku, ki fara ware awa biyu a kullum na tsawon wata guda kina karanta kowane littafi. In kin riƙe, ki yi rajista, ki kuma ɗauki darussa kaɗan a zangon farko. Kwas mai buƙatar ɗakin gwaji ko asibiti kuwa, kada ki yarda a ce miki duka ta waya za a yi.

"An ba ɗana gurbi a waje, amma digirin shekara uku ne. Ba ragagge ba ne kuwa?" (Wani uba)

Ba lallai ba, Alhaji. A Ingila digiri na farko shekara uku ne, a Sikotlan da Amurka huɗu. Faransa da ƙasashen da ke bin tsarinta suna yin uku, sai biyu na digiri na biyu, sai uku na digirin digirgir. Tun yarjejeniyar Bologna ta 1999, wadda ƙasashe 29 suka fara sa wa hannu, yawancin Turai ta koma kan wannan tsari mai hawa uku. Sai dai wasu jami'o'i da hukumomin sana'a a ƙasashen masu shekara huɗu kan nemi ƙari kafin su karɓi mai uku, don haka a tambaya tun yanzu. Ka kuma yi lissafin shekarun duka, da masauki da inshorar lafiya da faɗuwar darajar kuɗi, ba na shekarar farko kaɗai ba. Yaron da aka dawo da shi a aji biyu saboda kuɗi sun yanke ya fi wanda bai tafi ba asara.

"Ina son kimiyyar kwamfuta saboda kullum ina kan waya, kuma ni ke gyara wa 'yan gidanmu saitin Facebook. Amma ba na son lissafi." (Wani ɗan aji shida)

Son hawa mota bai mai da kowa makanike ba. Kimiyyar kwamfuta lissafi ce daga shekarar farko, da dabarun warware matsala, da zama awa huɗu kana neman waƙafi ɗaya da ya hana manhaja aiki. Akwai darussan koyon Python, wani yaren rubuta manhaja, kyauta a intanet. Ɗauki ɗaya ka yi mako uku a kansa. In ka ga dare yana yi ba ka sani ba, to ka koma ka shirya da malamin lissafinka. In kuwa a kwana na huɗu ka koma kallon bidiyo, duba fasahar sadarwa, zanen kwamfuta ko gyaran na'urori, waɗanda difloma ko koyon sana'a a hannun gwani ke kai mutum gare su cikin shekara biyu.