Haƙoran roba suna yi wa mahaifina ciwo

Tambaya: An yi wa mahaifina cikakkun haƙoran roba, na sama da na ƙasa, amma dasashinsa yana ciwo kuma ya kasa cin tsire. Me ya kamata mu yi? Daga wata mai karatu a Agege.

Amsa: Malama, Allah ya ba Baba lafiya. Baki yakan ɗauki makonni kafin ya saba, saboda haka ya fara da abinci mai laushi kamar kunu, fate da tuwo da miyar kuɓewa, yana taunawa ta ɓangarori biyu lokaci guda domin kada haƙoran su karkace. Tsire da kilishi su dakata tukuna, goro kuwa yana rina su.

Idan wuri ɗaya ne ya yi gyambo, kada a goge haƙoran da wuƙa a gida. A koma wurin likitan da ya yi su, ko sashen haƙori na asibitin koyarwa da ke Idi-Araba, a rage wurin da ke gugar naman. Ya riƙa cire su da dare, ya wanke da buroshi mai laushi da sabulu, ya jiƙa su a ruwan sanyi, domin ruwan zafi yana lanƙwasa robar.