Tambaya da Amsa: Na haɗa sabuwar kwamfuta, wace babbar manhaja zan ɗora mata?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Sana'ata zanen katin biki da kalanda da fosta ce a Kano. Na tara kuɗi na sayi kayan kwamfuta ɗaya bayan ɗaya, wani mai gyara ya haɗa mini ita: furosesa Ryzen 5, RAM mai gigabait 16, da ma'ajiyar SSD. Har yanzu ba a ɗora mata komai ba. Ƙanena yana cewa in sa Linux domin kyauta ce kuma bairos ba ya kama ta, shi kuma mai gyaran ya ce zai sa mini Windows 10 daga filashinsa. Maganar wa zan bi?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya sanya albarka a cikin wannan kayan aiki. Kafin a duba kyauta ko tsada, abin da za a fara tambaya shi ne wace manhaja kake cin abinci da ita, domin babbar manhaja, wato wadda take tafiyar da kwamfutar baki ɗaya, kamar fili ce da sauran manhajoji suke zama a kai. Mai zanen kati da fosta a ƙasar nan da wuya ya rabu da CorelDRAW da Photoshop, kuma kamfanonin da suka yi su ba sa fitar da nau'in da yake aiki a kan Linux. Akwai dabarar tilasta su ta hanyar wata manhaja mai suna Wine, amma ba zan ba mutumin da kwastoma yake jiran katinsa ana gobe ɗaurin aure shawarar ya dogara da ita ba. Manhajojin Inkscape da GIMP, waɗanda suke aiki a kan Linux, suna zane mai kyau kuma kyauta ne, sai dai masu injin ɗab'i sun saba karɓar fayil na CorelDRAW, kuma sau da yawa launi ko rubutu yakan jirkice idan aka juya fayil daga wannan manhaja zuwa waccan.

Saboda haka Windows ce ta dace da kai, amma ba wadda mai gyaran ya ambata ba. Kamfanin Microsoft ya daina ba Windows 10 tallafin da ya saba bayarwa tun ranar 14 ga Oktoba, 2025, don haka ɗora ta a sabuwar kwamfuta komawa baya ne. Windows 11, wadda ta fito a 2021, ita za ka sa. Tana buƙatar aƙalla RAM mai gigabait 4 da ma'ajiya mai gigabait 64, waɗanda ka wuce su nesa, sannan tana buƙatar wani kayan tsaro da ake kira TPM 2.0. A nan mutane da yawa suke tuntuɓe: kwamfutar takan ce ba ta cancanta ba, alhali abin yana cikinta, a kashe ne kawai. A madabod, wato babban allon da ake haɗa kayan kwamfuta a kai, na AMD irin naka sunansa fTPM, a na Intel kuma PTT, kuma cikin saitin BIOS, wanda ake shiga da zarar an kunna kwamfuta kafin babbar manhaja ta tashi, ake kunna shi.

Abin da ya fi damuna a wasiƙarka shi ne filashin nan. Ban zargi mai gyaran ba, amma kwafin Windows da yake yawo daga hannu zuwa hannu ba wanda ya san abin da aka cusa a cikinsa, kai kuwa a kan wannan kwamfuta za ka ajiye aikin jama'a, wataƙila har ka shiga asusun bankinka. Ka samu filashi mai gigabait 8 da babu komai a ciki, ka sauke Windows 11 daga shafin Microsoft kai tsaye, ka sayi lasisi na halak. Ka tanadi data isasshiya, domin za ta nemi intanet da asusun Microsoft lokacin saiti, sannan ta sauke sabuntawa masu nauyi.

Ƙanenka bai faɗi ƙarya ba, ya dai ɗan wuce gona da iri. Bairos da ake yi domin Linux ba su kai na Windows yawa ba, amma akwai su. Idan kana sha'awar koyon Linux, a cikin nau'o'inta Linux Mint ta fi sauƙi ga wanda ya saba da Windows, Ubuntu kuwa tana fitar da nau'in dogon zango a watan Afrilu duk bayan shekara biyu, da tallafin shekara biyar. Kana iya kunna kowacce daga filashi ka gwada ba tare da ka taɓa SSD ɗinka ba. Dukansu, kamar Windows, suna da allon rubutu na Hausa mai ɓ da ɗ da ƙ.

Maganar macOS kuwa, wato babbar manhajar kamfanin Apple, kada ma a kawo maka ita, domin lasisin Apple bai yarda a ɗora ta a kan abin da ba kwamfutar Apple ba.

Idan daga baya ka so haɗa Windows da Linux a kwamfuta ɗaya, ka bar Windows a inda take, ka sayi SSD na biyu domin Linux. Kafin wannan ma, ka fara sayen UPS, na'urar da take riƙe wa kwamfuta wuta na ɗan lokaci idan an ɗauke, domin ɗauke wuta a tsakiyar sabuntawa yana iya hana kwamfutar tashi, sai an sake ɗora manhajar daga farko.