Tawadar Allah ce ko ƙari? Kuma wane irin hoto?

Wata malamar Islamiyya daga wani ƙauye kusa da Ringim ta aiko da tambaya. 'Yar ƙanwarta, mai wata 2, ta fito da jan tabo a bayan kunne, kullum sai tudu yake yi. Kakar yarinyar ta ce tawadar Allah ce, likita ya ce ƙari ne, a je a yi hoto. Shin ƙari shi ne ciwon daji?

Malama, a kwantar da hankali. Ƙari daga ƙara yake, wato abin da ya ƙaru a jiki, kuma ba kowane ƙari ne daji ba. Irin wanda kika siffanta ya yi kama da abin da likitoci ke kira hemanjiyoma, dunƙulen ƙananan jijiyoyin jini da kan bayyana makonni kaɗan bayan haihuwa, ya yi ta girma har wajen wata 5, daga baya ya riƙa motsewa a hankali cikin shekaru. Ya fi fito wa 'yan mata da bakwaini. Ita kuwa tawadar Allah ɗigo ce baƙa, kamar alƙalami ya ɗiga a allo, ba ta tashi cikin makonni haka. Kaka ta ba shi suna mai daɗi, amma kama da wane ba wane ba ce. Kada dai a kai wa wanzami ya yi sakiya. Jini ne a ciki, ba mugunya ba.

Kalmar hoto ita ce mai rikitarwa. Mun aro ta daga Turanci, muka ɗora mata kaya fiye da ƙarfinta: na ƙashi hoto, na masu juna biyu hoto. Wanda aka fi fara yi wa jariri shi ne sikanin. A shafa mai sanyi, a ɗora ɗan kan na'ura, ta tura sautin da kunne ba ya ji, ta saurari amsa-kuwwarsa, har gudun jini ya fito a allo ja da shuɗi. Mukan ce gani ya kori ji, to a nan ji ne ya haifi gani.

In ƙarin ya yi zurfi, sai MRI, mai aiki da maganaɗisu, wanda yakan sa a je birni, a kuma sa yaro barci don kada ya motsa. In tabon ya kai 5 a jiki, hanta ma akan duba da sikanin. Wanda ke kusa da ido ko leɓe kuwa ba a jira da shi, tunda tun 2008 aka gano a Faransa cewa maganin furofaranolol yana motsar da shi.