Amsa kan dokin da zafi ya buge, da maganar ƙudaje a kan ciwo

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da war haka. Ƙanina na saurari muryar da ka turo ɗazu, ka ce ka dawo daga kilisa da rana tsaka dokinka na ta haki, ya sunkuyar da kai ya ƙi ciyawa, kuma wani ya hana ka zuba masa ruwan sanyi wai jijiyoyinsa za su ɗaure, sannan ga yankan da waya ta yi masa a ƙafa ƙudaje sun ƙi barin wajen. Toh bari in amsa maka a nan cikin guruf kowa ya ji, don wallahi maganar hana ruwan nan tana ci min rai, ta cuci dawaki ba kaɗan ba.

Ka zuba masa ruwa. Yanzu ma in bai dawo daidai ba ka ajiye wayar ka je ka zuba. Ka kai shi inuwa inda iska ke kaɗawa, ka sauke sirdi da jalala da komai, ka kama zuba ruwa mafi sanyi da kake da shi tun daga wuya, kafaɗu, baya, cinyoyi, tsakanin ƙafafu, in da tiyo ka sakar masa, in bokiti ne ka yi ta kamfata kar ka tsaya, in akwai ƙanƙara ka jefa cikin bokitin. Ba yayyafi ba fa, zubawa. Kuma kar ka jiƙa buhu ko tawul ka lulluɓe shi, wannan riƙe zafin yake a jikinsa. Maganar ɗaurewar jijiya kuwa an bincika ta sosai kafin wasannin Olamfik na Atlanta a Amurka a 1996, saboda garin akwai zafi da gumi kuma dawaki za su yi gudu mai tsanani, aka tabbatar ruwan sanyi ba ya ɗaure musu nama, shi ne ma abin da ya fi saurin sauke zafi. Tun daga nan haka ake yi a manyan gasanni.

Shan ruwa ma haka, ka ba shi ya sha. Doki a ranar da bai yi aikin komai ba yana shan lita 25 zuwa 50, da zafi kuwa sai ya kusa ninkawa, kuma in yana aiki mai nauyi gumin da yake zubarwa a awa ɗaya kan kai lita 10 har 15. Gumin nasa kuma ba irin namu ba ne, gishirin ciki ya fi yawa, shi ya sa kake ganin fari-fari a gashinsa in ya bushe. Saboda haka ka dinga sa masa gishiri cokali babba ɗaya ko biyu a abincinsa kullum, in kuma za ka jiƙa masa a ruwa toh lallai a ajiye wani bokitin na zallan ruwa a gefe ya zaɓa da kansa.

Yawwa, abu na biyu, don Allah duk mai doki ya mallaki tamomita, wato ma'aunin zafin jiki, ƙaramar nan ta dijital. Hannu ba ya gaya maka gaskiya. Ka shafa mata ɗan mai, ka tsaya ta gefensa ba ta bayansa ba, ka ɗaga jela ka sa a dubura. Zafin jikin lafiyayyen doki digiri 37.5 ne zuwa 38.5. In ka ga ya haura 40 kana cikin matsala, in ya taɓa 41 wannan rai ake magana, kana zuba ruwa wani na kiran likitan dabbobi a lokaci ɗaya. Bugun zuciya kuma ka sa yatsu ƙarƙashin muƙamuƙi akwai jijiyar da ke harbawa, ka ƙirga na sakan 15 ka ninka sau huɗu, in yana hutawa 28 zuwa 44 ne a minti. Numfashi ka kalli kwiɓinsa, 8 zuwa 16. Ka ɗaga leɓensa ka danna dasashi, in ya yi fari ya kamata jan ya dawo kafin sakan biyu, kuma dasashin ya zama da damshi. In ka tsunkuli fatar wuya ta tsaya ba ta koma nan take ba, ruwan jikinsa ya yi ƙasa. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne dokin da ake tsananin zafi, yana haki, amma jikinsa a bushe ƙamas babu gumi, ko ya fara tangaɗi kamar bai san inda yake ba. Wannan ba a jira. Kuma ina roƙonku kar a yi gaggawar soka masa allurar kashe zafin ciwo alhali jikinsa babu ruwa, tana iya taɓa ƙoda, a bari likita ya gani tukuna.

Sai ciwon ƙafar. In jini na zuba ka ninke tsumma mai tsafta ko auduga ka danne, kar ka dinga ɗagawa kana leƙawa, in ya jiƙe ka ɗora wani a kai ka ɗaure. Kar jinin ya firgita ka, babban doki na ɗauke da kusan lita 40. In ya tsaya ka wanke da ruwan da aka tafasa ya huce, rabin lita ka sa gishiri ƙaramin cokali ɗaya, ka wanke sosai har ƙasar ta fita. Baƙin mai na inji, toka, ruwan batir, don girman Allah a daina, ƙona naman suke yi su hana shi haɗewa. In yankan yana kan gaɓa, ko ya yi zurfi, ko ƙusa ce ta shiga kofato, na likita ne ko da ramin ƙarami ne kamar ba komai. Sannan ka tuna yaushe rabonsa da rigakafin tetanus, cutar nan mai shiga ta ciwo ta sandare jiki, don doki na cikin dabbobin da cutar nan ta fi saurin kamawa, kuma in ta kama da wuya ya tashi.

Bayan wankin ka rufe ciwon da bandeji, dalilin kuwa ƙudan nan ba damunsa kawai suke ba. Wasu ƙwai suke sawa ka wayi gari da tsutsa, wasu kuma suna ɗauko ƴaƴan wata tsutsar ciki daga kashin dawaki su sauke a kan ciwon, sai ya zama gyambo ja mai tsiro da ƙaiƙayi, wata da watanni ya ƙi warkewa, har a gefen ido da kan gaba yana fitowa. Irin wannan sai an haɗa da maganin tsutsa irin su ivermectin, wanki kaɗai ba ya yi. Ƙuda kuma da zafi daga ƙwai zuwa mai tashi kwana 7 zuwa 10 ne kacal, ka ga kenan in ka bar kashi ya kwana a barga kai ke kiwon su da hannunka. A kwashe safe da yamma a kai nesa, a zubar da duk ruwan da ya kwanta saboda sauro.

Bobuwa ita da rana take farauta, tana yanka fata ne ta lashi jini, tana kuma iya ɗaukar sammore daga wannan dabba zuwa waccan. Kaska kuma ka dinga duba kunne, ƙarƙashin jela da tsakanin cinyoyi, tana sa zazzaɓin da ke cinye jini har ido ya yi ɗorawa. Amma wanda na fi jin tsoro shi ne ɗan mitsitsin ƙwaron nan da ko ganinsa ba ka cika yi ba, mai fitowa da magariba da asuba. Shi ke sa wasu dawakin su yi ta goga geza da gindin jela har gashi ya ƙare, kuma shi ke yaɗa cutar nan ta dawakin Afirka mai kumbura kai da cika huhu da ruwa, wadda ke iya kashe tara cikin goma na dawakin da ba su da rigakafi, a 2020 har Tailan ta ɓulla ta yi ɓarna. Tana da allurar rigakafi, a tambayi likita. Sa'ar da aka yi ƙwaron ba shi da ƙarfin tashi, fanka ma kaɗai tana korarsa, toh kafin rana ta faɗi a shigar da doki ciki, a sa raga mai ƙananan ido, kar a fito da shi sai gari ya waye sosai.

Maganin fesawa ka nemi mai permethrin ko cypermethrin wanda aka rubuta na dawaki ne, ka fara gwadawa a ɗan waje ƙarami ka ga ko zai yi borin jini, fuska kuma a tsumma za ka fesa ka goga, kar ya shiga ido ko ciwo, gumi na wanke shi sai an maimaita, kuma a nisanta shi da kyanwa don permethrin na kashe ta. Amma maganin wankan shanu mai amitraz, kar ka kusantar da shi jikin doki. Ni ya faru da ni, wani mai sayar da magani ya ce min ai duk ɗaya ne, na wanke goɗiyata da shi saboda kaska, washegari ta yi lakwas kamar mai barci a tsaye, cikinta ya ɗaure ko kashi babu, kwana uku likita na ɗura mata ruwa ina kwana a barga kafin Allah ya tashe ta. Har yau in na tuna sai gabana ya faɗi. Ka juya kwalbar ka karanta bayanta kafin ka buɗe.

Ƙanina ka auna shi yanzu, ka sake aunawa bayan minti 15 kana ta zuba ruwan, ka turo min lambobin biyu da hoton ƙafar da haske sosai in ga ko kusa da gaɓa ne. Gobe da jibi kar a ɗora masa sirdi.