Na canza kalmar sirrin Wi-Fi sau biyu, amma baƙi na ci gaba da shiga

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da rauta (na'urar da ke raba Wi-Fi) a gida, mu biyar ne muke amfani da ita, kowa da wayarsa ɗaya. Data na ƙarewa tun wata bai raba ba, da na duba jerin na'urorin da ke haɗe sai na ga guda tara. Sau biyu ina canza kalmar sirri, bayan 'yan kwanaki su dawo. Ta ina suke shigowa?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Idan an canza kwaɗo amma kaya na ci gaba da ɓacewa, to akwai wata ƙofar da ba a rufe ba. Abin da na fi zargi shi ne WPS.

Juya rautarka ka duba bayanta, za ka iya ganin ɗan maɓalli da aka rubuta WPS a jikinsa, wani lokaci har da lamba mai alƙaluma 8 a takardar da aka manna a ƙasanta. An yi shi ne don sauƙaƙa haɗa na'ura. A ƙarshen 2011 wani mai bincike, Stefan Viehböck, ya nuna cewa rauta na tantance wannan lamba gida biyu: huɗun farko daban, sauran daban, alƙalami na ƙarshe kuma lissafo shi ake yi daga na gabansa. Saboda haka maimakon gwaji miliyoyi, gwaji 11,000 ya ishi mai kutse. Da ya dace da lambar, rautar da kanta za ta miƙa masa kalmar sirrinka, ko sau goma ka canza ta. Sababbin rautoci kan kulle bayan an yi kuskure sau da yawa, amma ni dai shawarata ka kashe shi gaba ɗaya.

Za ka yi hakan ne a shafin saitin rauta. Buɗe burauza ka rubuta adireshin da ke jikin takardar nan, galibi 192.168.0.1 ko 192.168.1.1. Idan ka shiga da "admin" a suna, "admin" a kalmar sirri, ka san duk wanda ya taɓa hawa Wi-Fi ɗinka shi ma zai iya shiga haka. Kalmar sirrin wannan shafi daban take da ta Wi-Fi, kuma ita ce mutane suka fi mantawa da ita. Canza ta kafin komai.

Daga nan duba nau'in tsaro. WEP tun 2001 masana suka fallasa rauninsa, yanzu cikin mintuna ake fasa shi. Zaɓi WPA3, wanda ya fito a 2018, in rautar na da shi. In babu, WPA2 tare da AES (tsarin ɓoye saƙo) ya wadatar, matuƙar kalmar sirrin na da tsawo. Mai kutse kan kama saƙon da waya da rauta ke musaya lokacin haɗuwa, ya tafi da shi ya yi ta gwada kalmomi a kwamfutarsa ba tare da ka sani ba. Lambar waya ko ranar haihuwa ba sa jure wannan. Haɗa kalmomi huɗu ko biyar da ba su da alaƙa da juna. WPA2 na karɓar har haruffa 63.

Kada ka ɓata lokaci wajen ɓoye sunan Wi-Fi, wanda ya san aikin zai gano shi nan take.

Akwai kuma abin da ke damuna fiye da kutse, domin ya fi yawa: na gida ne ke bayarwa. Tun daga Android 10 waya na iya nuna lambar QR ta Wi-Fi, aboki ya ɗauka da kyamara ya hau, shi ma ya nuna wa wani. Ka zauna da mutanen gidanka ku yi magana, sannan ka buɗe layin baƙi a rautar, wato Wi-Fi na daban don masu ziyara, mai tasa kalmar sirrin, wadda za ka riƙa canzawa ba tare da ka taɓa ta gida ba.

Bayan ka gama, sabunta manhajar cikin rautar, ka sake kunna ta, ka haɗa wayoyinku ɗaya bayan ɗaya kana rubuta yadda kowace ta bayyana a jerin. Talabijin ko kwamfutar da ka manta da ita ma za ta fito a nan. Bayan mako guda ka sake ƙirgawa.