Force, Forza, Fuerza: Kalma Ɗaya Ce Ko Uku?

Wani mai karatu daga Damagaram ya yi tambaya. Ya ce kullum yana jin Forces armées a labaran rediyo da Faransanci, kuma yana ganin 'yan kallon ƙwallo na Italiya suna ihun Forza! Shin kalma ɗaya ce, kuma daga ina ta fito? Ya kuma nemi ma'anar karin maganar Faransanci L'union fait la force.

Malam, kalma ɗaya ce, uwarta Latin, harshen Rumawan da. Faransanci na cewa force, Italiyanci forza, Sifaniyanci fuerza, mutanen Fotugal da Barazil força. Duk ma'anarsu ƙarfi.

Amma ba da ita Rumawan farko ke kiran ƙarfi ba. Kalmarsu ita ce vis, jam'inta vires. Ta yi gajarta, wasu sigoginta ba a cika amfani da su ba, ga shi kuma akwai wata vis ɗin mai nufin "kana so". Sai bakin talakawa ya yar da ita, ya koma ga sifar nan fortis, wato ƙaƙƙarfa ko jarumi. Latin na da jinsi uku: namiji, mace, da na uku wanda ba ko ɗaya ba. Jam'in fortis a jinsi na uku shi ne fortia, "ƙarfafan abubuwa". To, yawancin sunayen abubuwa masu ƙarewa da -a a Latin jinsin mace ne, don haka da jinsi na uku ya fara ɓacewa, masu magana suka ɗauki fortia a matsayin tilo ta mace. Haka aka yi wa folia, "ganyaye", ta zama feuille a Faransanci, foglia a Italiyanci, hoja a Sifaniyanci, ganye guda. Bahaushe ya san irin wannan, domin al- ta Larabci harafin fayyacewa ce, amma mun haɗe ta da kalma muka ce alƙali da albasa.

Bambancin rubutu kuwa dokar sauti ce, ba ganin dama ba. Gaɓar -tia ta koma sautin "ts". Italiya ta riƙe shi, shi ne z na forza. Faransa da Fotugal suka sassauta shi ya zama "s". A Sifaniyanci, gajeren wasalin o mai ɗauke da nauyin kalma, wato inda ake ƙarfafa murya, yakan rabe ya zama ue: porta, ƙofa, ta zama puerta, fortis ta zama fuerte. Inda ɗalibai ke tuntuɓe shi ne fi'ili. Ana cewa fuerzo, "ina tilastawa", amma forzar, "tilastawa", domin a ta biyun nauyin ya koma gaɓar ƙarshe, o ta zauna yadda take. Romaniyanci, harshen ƙasar Romaniya, daban yake: forță ɗinsa aro ce ta baya-bayan nan, kalmar gida ita ce putere, daga fi'ilin Latin mai nufin iyawa.

A ma'ana ne mai fassara zai yi hattara, don "ƙarfi" ba ya ɗaukar kayan duka. Forces armées rundunonin soja ne, forces de l'ordre jami'an tsaro. Force majeure a takardar kwangila abin da ya fi ƙarfin ɗan Adam ne, kamar ambaliya ko yaƙi, wanda ke ɗauke wa mutum laifin saɓa alkawari. Per forza na Italiyawa "dole" ne, a la fuerza na Sifaniyawa "da ƙarfi da yaji". À force de travailler ba ta da alaƙa da damtse ko kaɗan, tana nufin "saboda yawan aiki", kuma a nan na fi ganin kuskure a fassarar 'yan makaranta. Forza! ta filin wasa ƙarfafa gwiwa ce, kamar mu ce "a daure!". Daga wannan ihu Silvio Berlusconi, tsohon firaministan Italiya, ya samo sunan jam'iyyarsa, Forza Italia, a 1994.

Ka kuma tambayi karin maganar L'union fait la force, kirarin ƙasar Beljiyam. Kai tsaye tana cewa haɗin kai ke samar da ƙarfi. Wasu na kawo "sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi" a madadinta, amma wannan yawan jama'a take yabo, tana ma fifita shi a kan ƙarfi. Wadda ta fi dacewa ita ce "hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka".